MAI SHARE HAWAYEN JAMA'A, WA KE SHARE NASA?



A yawancin sakatariyoyin ƙananan hukumominmu, da kuma ma'aikatun jihohi, akwai wani ofis wanda ba a zuwansa da fara'a. Sau da yawa can ƙurya za ka same shi, da benci guda a bakin ƙofa. A kan bencin nan ne za ka tarar da matar da mijinta ya tafi ci-rani shekara uku babu aike babu saƙo, da dattijon da ya zo neman ɗansa wanda 'yan sanda suka kama a tasha, da yarinyar da ta gudo daga gidan miji, da mai unguwar da ya kawo labarin jaririn da aka tsinta a bayan gari. Wannan shi ne ofishin jin daɗin jama'a. Ma'aikatansa kuwa su ne waɗanda Gwamnati ta ɗora wa sasanta ma'aurata, da kula da marayu da gajiyayyu, da bin sawun yaran da suka yi laifi, da rubuta wa alƙali rahoto a kan halin da gidajensu ke ciki.

Duk wanda ya zauna a bencin nan kuka ya kawo, yana kuwa sa ran a share masa hawaye. To, shi wanda ke zaune a bayan teburin fa, wa ke share nasa? Ɗan kasuwa jarinsa kuɗi ne, manomi garma, direba kuwa mota. Amma shi ma'aikacin jin daɗin jama'a babban kayan aikinsa zuciyarsa ce. Ranar da ta bushe, ko da ofis na nan, albashi na zuwa, aikin ya mutu, marayu da zawarawa ne kuma za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka muka ga ya kamata a yau mu duba abin da ke gajiyar da wannan zuciya, musamman a lokacin canje-canje da saɓani a wurin aiki, da kuma yadda masu ita ke kiyaye ta.

AIKI MAI DARAJA, KAYA MAI NAUYI

Ko shakka babu, wannan aiki yana da babban matsayi a Musulunci. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kamanta mai ɗawainiya da gwauruwa da miskini da mai jihadi saboda Allah. A cikin Suratun Nisa'i an yi umarni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron rabuwar aure. A cikin Suratut Tauba kuma, aya ta 60, an sanya masu aikin tattara zakka cikin mutum takwas da ke da rabo a cikinta. Watau tun farko shari'a ta san cewa kula da raunana aiki ne da ke bukatar ma'aikata, kuma ma'aikatan nan suna da haƙƙi.

Aikin a irin tsarin da muka sani yau daga baya ya zo mana. A farkon shekarun 1940 ne Turawan mulki suka naɗa jami'in jin daɗin jama'a a Legas saboda yaran da ke gararamba a titi, aka kuma kafa dokar yara da matasa a 1943. A nan Arewa kuwa, kafin wannan da bayansa, yawancin nauyin yana wuyan dangi ne da masu unguwanni da limamai da alƙalan En'e. Da birane suka cika, zumunci ya yi rauni, sai kayan da dangi goma ke ɗauka a da ya koma kan ma'aikaci guda mai teburi ɗaya.

SHEKARUN CANJE-CANJE

Wanda ya fara wannan aiki a ƙarƙashin Gwamnatin Jihar Arewa ya ga abin da ya ishe shi. A 1967 aka raba Arewa jihohi shida, aka rarraba ma'aikatan da ke Kaduna, kowa ya nufi jiharsa ta asali. A 1974 aka kafa dokar soja mai lamba 12 kan raya jin daɗin jama'a, a shekarar da ta biyo kuma aka buɗe ma'aikatar tarayya ta musamman wadda ta haɗa wannan aiki da harkokin matasa da wasanni. A cikin wannan shekara ta 1975 ɗin ce Gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawansu a rediyo suka ji sunayensu. A 1976 aka ƙara jihohi suka zama 19, aka kuma yi wa ƙananan hukumomi garambawul. A 1984 aka sake rage ma'aikata, a 1986 kuma shirin tsuke bakin aljihu ya zo, darajar albashi ta zube.

Ba a tsaya nan ba. A 1987 aka cire Katsina daga Kaduna. A 1991 Jigawa ta fita daga Kano, Kebbi daga Sakkwato, Yobe daga Barno. A 1996 kuma aka sami Zamfara da Gombe. Kowace rabuwa tana nufin raba ma'aikata da motoci da fayiloli, har da kujerun zama. Daɗin daɗawa, shi sashen jin daɗin jama'a ya zama kamar maraya a cikin ma'aikatu: yau yana tare da matasa da wasanni, gobe an haɗa shi da harkokin mata, kamar yadda aka yi a tarayya a 1995, jibi kuma an kai shi ga ma'aikatar jinƙai da agajin gaggawa, wadda aka kafa a 2019.

Ga wanda ke rubuta takardar umarni, canji layi biyu ne a kan takarda. Ga ma'aikaci kuwa, ma'anarsa ita ce ya bar iyalan da ya shekara biyar yana bibiyar al'amarinsu, ya kwashe 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango, ya je ya tarar da wanda ya koya wa aiki jiya ya zama shugabansa yau. Sannan ga fargabar da ta fi canjin kansa ciwo, watau watannin nan da ake ta raɗe-raɗin za a yi, ba a san wa zai tafi ba, ba a san wa zai zauna ba.

INDA SAƁANI KE SHIGOWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Canji shi ne tsagewar bangon, saɓani kuwa shi ne ƙadangaren. Idan aka haɗa sassa biyu, dole ne darakta ɗaya ya sauka. Idan aka kawo matasa masu digiri aka ɗora su a kan dattawan da suka yi shekara ashirin suna shiga lungu-lungu, sai dattijo ya ga yaro bai san mutane ba, yaro kuma ya ga dattijo bai san doka ba, alhali kuwa aikin yana bukatar su duka biyun.

Akwai kuma saɓani tsakanin hukuma da hukuma. A Kano, alal misali, an kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, ta kuwa shiga sasanta ma'aurata da warware rigingimun iyali, aikin da ofisoshin jin daɗin jama'a suka daɗe suna yi. A wannan shekarar ce kuma tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara, wadda wasu jihohin Arewa suka yi kusan shekara ashirin ana muhawara kafin su yi tasu. A tsawon wannan lokaci ma'aikaci yana tsakiya: takardar da ya karanta a makaranta ta ce kaza, dokar jiharsa ta ce kaza, uban yarinya da mai unguwa kuma suna da tasu maganar. Duk inda ya karkata, akwai wanda zai ce ya ci amana.

A 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali, irin waɗannan ma'aikata suna cikin waɗanda aka tura su ƙidaya yara, su tsare su a sansani, su nemo iyayensu. A Arewa maso gabas kuwa, rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu. Ma'aikatan da suka saba da rigimar ci da sha tsakanin miji da mata sai ga su suna sauraron waɗanda aka kashe iyayensu a gabansu, su da kansu kuma ba su tsira ba, domin a 2018 an kai hari garin Rann aka kashe ma'aikatan agaji, aka sace ungozoma biyu waɗanda daga baya aka kashe su. Bugu da ƙari, ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje sun zo da albashi mai tsoka, har ya zama mutum biyu suna aiki ɗaya a sansani ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin abin da ɗayan ke samu. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata tsakanin aminai.

CIWON DA BA A GANI

Masana sun daɗe da lura da abin da irin wannan hali ke yi wa mutum. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York ta Amurka, mai suna Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, waɗanda suka fara da zafin nama amma bayan wani lokaci suka zama kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Wata masaniya kuma, Christina Maslach, ta bayyana alamomin wannan gajiyar zuciya guda uku. Ta farko ita ce gajiyar da barci ba ya maganinta. Ta biyu ita ce bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa aiki. Ta uku kuwa ita ce mutum ya riƙa jin duk abin da yake yi aikin banza ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa wannan hali yana tasowa ne daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba.

Wanda ya san ofisoshinmu ya san waɗannan alamomi ko da bai san sunansu ba. Ma'aikacin da a da yake tashi ya ba tsohuwa kujera, yanzu ko kai ba ya ɗagawa, sai dai ya ce a dawo gobe. Wadda a da take bin yarinya har gida, yanzu tana kiran mutane da lambar fayil. Wani yakan koma gida ya huce a kan iyalinsa, yaro ya zubar da ruwa kaɗan a yi masa dukan da ya fi laifinsa. Wani barci ya ƙaurace masa, wani hawan jini ko gyambon ciki ya kama shi. Mu kuwa da ke waje sai mu ce ma'aikatan Gwamnati ba su da imani. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba kullum muke tsayawa mu karanta fuskar ba.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa kukan talakawa ba shi ke karya ma'aikaci ba, domin ya san da shi tun ranar da ya karɓi aikin. Abin da ke karya shi shi ne ya ga an tsallake shi a ƙarin girma ba a gaya masa dalili ba, ko ya rubuta rahoto na gaskiya wani babba ya sa a canza, ko ya yi wa marainiya alkawarin taimako ya je ya tarar babu ko kwabo a asusu. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

HANYOYIN DA BA SU ƁULLEWA

Zuciya ba ta zama da ciwo ba ta nemi mafita ba, sai dai ba kowace mafita ce ta alheri ba. Wasu sukan fake da doka, kome aka kawo musu su ce ba huruminsu ba ne. Wasu sukan sa hannu a rajista da safe su ɓace. Wasu sukan kafa majalisa a gindin bishiyar ofis, a wuni ana cin naman shugaba da abokan aiki, a tashi zuciya ta ƙara ƙuna, lada kuma ya zube. Wasu sukan koma rubuta takardun ƙorafi marasa suna. Suratul Hujurati ta hana mugun zato da binciken asirin mutane da giba, ta kuma yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi. Wanda ya zauna a ofis lokacin da ake jiran jerin sunayen waɗanda za a canza wa wurin aiki zai gane hikimar waɗannan ayoyi.

Akwai kuma wata hanya wadda ta fi waɗannan kama da alheri, amma ita ma ba ta kai mutum gida. Ita ce mutum ya haɗiye kome, ya ƙi gaya wa kowa, yana ganin haka shi ne haƙuri, kuma wai nuna damuwa raunin imani ne. Tarihin magabata bai goyi bayan wannan fahimta ba. Lokacin da aka miƙa wa Manzon Allah (S.A.W.) jikansa yana gargarar mutuwa, idanunsa sun zubar da hawaye, da Sa'adu ɗan Ubada ya yi mamaki sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce da Allah Ya sanya a zukatan bayinsa. Saboda haka ma'aikaciyar da ta fito daga ɗakin marayu ta share hawaye ba ta yi abin kunya ba. Ranar da hawayen suka daina zuwa, ranar ce ya kamata a ji mata tsoro.

DARUSSA UKU DAGA MAGABATA

Na farko shi ne labarin Halidu ɗan Walidu. Bayan da Sayyidina Umar ya zama halifa a shekara ta 13 bayan hijira, ya sauke Halidu daga shugabancin rundunonin Sham ya ɗora Abu Ubaida, alhali Halidu bai taɓa shan kashi a fagen fama ba. Halidu ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin wanda aka ɗora a kansa, Abu Ubaida kuma bai daina neman shawararsa ba. Da aka sauke shi gaba ɗaya a shekara ta 17, abin ya yi masa ciwo, ya kuwa je Madina ya faɗa wa halifa baki da baki. Amma bai tara jama'a ba, bai ɓata aikin wanda ya gaje shi ba. Abin da ya tsare shi shi ne ya rarrabe tsakanin aiki da kujera. Kujera ta mai naɗawa ce, yana iya karɓe abarsa, aikin kuwa don Allah aka yi shi. Ma'aikacin da ya riƙe wannan bambanci, canjin wurin aiki zai dame shi amma ba zai rushe shi ba, domin marayu suna nan a Gumel kamar yadda suke a Kano.

Na biyu shi ne abin da ya faru bayan yaƙin Hunaini a shekara ta 8. An ba sababbin shiga Musulunci dukiya mai yawa daga ganima, mutanen Madina kuwa ba a ba su ba, abin ya sosa musu rai, magana ta fara yawo. Sa'adu ɗan Ubada ya ɗauki maganar ya kai ta inda ya kamata, bai kuma ɓoye cewa shi ma yana tare da mutanensa ba. Manzon Allah (S.A.W.) bai tuhume su da rashin biyayya ba. Ya tara su su kaɗai, ya ambaci alherin da suka yi masa, ya bayyana musu dalilin rabon, har suka yi kuka gemunansu suka jiƙe, suka tashi suna masu yarda. Ko raƙumi ɗaya ba a ƙara musu ba. An saurare su ne, an gaya musu dalili, an kuma nuna an san darajarsu. Yawancin rigingimun ofisoshinmu da an yi musu haka, da ba su kai ga kwamitin bincike ba.

Na uku kuwa daga gida yake. A wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya ga al'amura sun fara canzawa, son mulki da dukiya sun shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Abin ya ƙona masa rai har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koyar da su. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, daga nan ya koma ya ci gaba da aiki. Ga malami, ga jarumi, amma shi ma ya kai matsayin da ya ji ba zai iya ba. Ya ɗan ja da baya, ya juya ɓacin ransa ya zama karantarwa, sannan ya dawo. Saboda haka ma'aikacin da ya ji ya kai maƙura ya nemi hutu, ko ya roƙi a mayar da shi wani sashe na ɗan lokaci, ko ya tafi ƙarin ilmi, bai gudu daga fagen fama ba.

HAƘƘIN RAI A KAN MAI SHI

Waɗanda suka daɗe a wannan aiki ba tare da zuciyarsu ta bushe ba, in ka lura da su za ka ga suna da wasu ɗabi'u iri ɗaya. Sun san iyakar abin da aka ɗora musu. A farkon Suratul Kahfi Allah Ya ja hankalin Annabinsa da kada ya halaka kansa da baƙin ciki saboda waɗanda suka juya baya, ƙarshen Suratul Baƙara kuma ya tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ma'aikaci zai yi iyakar ƙoƙarinsa a sasanta aure, auren kuma ya mutu. Zai nema wa yaro makaranta, yaron ya koma tasha. Ƙoƙari shi ne nasa, sakamako kuwa na Allah ne. Wanda ya ɗauki duka biyun a kansa ba zai kai shekara goma ba.

Suna kuma ba jiki da iyali haƙƙinsu. Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da gidansa, sai ya tilasta masa ya ci abinci ya yi barci, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, Annabi (S.A.W.) kuma ya gaskata Salmanu. In har ibada ba ta zama dalilin tauye haƙƙin jiki da iyali ba, ina ga fayil? A zamanin nan da wayar hannu ta sa ofis ke bin mutum har shimfiɗarsa, ya wajaba ma'aikaci ya sanya wa kansa lokacin da yake na 'ya'yansa ne kaɗai. Salloli biyar ma rahama ce ta wannan fuska, domin wanda ya tashi daga zazzafar rigima ya yi alwala ya tsaya a sahu, ba da irin zuciyar da ya fita zai dawo teburinsa ba.

Sannan suna da wanda suke buɗe wa ciki. A ƙa'idar wannan sana'a, wajibi ne ƙaramin ma'aikaci ya riƙa zama da wani babba lokaci-lokaci, su duba al'amuran da ke hannunsa, su kuma duba yadda al'amuran ke taɓa shi. A wurare da yawa wannan zama ya koma duba rajista da neman kuskure kawai, ya kamata kuwa a dawo da shi kan asalinsa. Amma a kiyaye, asirin mutanen da suka kawo kukansu amana ne. Ana iya gaya wa aboki ko matar aure cewa yau an sha wuya, ba tare da an ambaci gidan wane ba. Idan kuma abin ya kai ga rashin barci na makonni, ko firgita, ko mutum ya ji ya ƙosa da rayuwa, to, a je asibiti. Akwai likitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Game da abokan aiki kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Lokacin da Annabi (S.A.W.) zai aika Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musal Ash'ari zuwa Yaman, ya yi musu wasiyya da su sauƙaƙa wa mutane, su yi musu bushara, su kuma haɗa kai kada su saɓa. An haɗa sauƙaƙa wa jama'a da jituwar ma'aikata a wasiyya guda, domin ɗaya ba ya samuwa sai da ɗayan. Shari'a ta ba wanda aka ɓata wa rai kwana uku, bayan haka sai sallama. Abin kunya ne a ce ofishin da ke sasanta ma'aurata yana da mutum biyu da suka shekara ba sa gaisawa.

NAUYIN DA KE KANMU

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk maganin yana hannun ma'aikaci. Zalunci ne a ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum biyar, a riƙe masa alawus, sannan a bi shi da wa'azin haƙuri. Ya ku manyan sakatarori da daraktoci da shugabannin ƙananan hukumomi, ku tuna cewa Sayyidina Umar da ya sauke Halidu sai da ya rubuta wa garuruwa cewa bai sauke shi don fushi ko ha'inci ba, domin ya tsare masa mutuncinsa. In za ku yi canji, ku faɗa da wuri, ku faɗi dalili, ku ba mutum lokacin da zai miƙa al'amuran da ke hannunsa ga wanda zai gaje shi, kada marainiya ta zo ta tarar da baƙuwar fuska ta sake ba da labarinta tun daga farko. Ƙarin girma kuma a yi shi da ma'auni ɗaya. Kowane shugaba makiyayi ne, za a kuwa tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Ku kuma 'yan kasuwa, kuna da rabonku. Yaron da aka gyara a gidan horon yara, in ya fito bai sami wanda zai ɗauke shi a rumfa ko a gareji ba, wahalar da aka sha a kansa ta tafi a banza, kuma babu abin da ke kashe gwiwar ma'aikaci kamar ya ga yaron da ya sallama jiya an dawo da shi yau. Buhun hatsi ga gidan marayu, ko zakkar da aka bi da ita ta hannun waɗanda suka san mabukata na gaskiya, tana rage wa ma'aikaci azabar nan ta kallon mai yunwa hannu rabbana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga sauran jama'a kuwa, duk ranar da bukata ta kai ɗayanmu bencin nan, ya tuna cewa wanda ke bayan teburin ɗan Adam ne, mai yiwuwa shi ne mutum na goma sha biyar da ya kawo masa kuka tun safe. A yi masa sallama, a yi masa sannu da aiki, in ya yi abin kirki a koma a gaya masa cewa auren nan ya zauna, yaron nan ya shiryu. Irin wannan labari ba ya cika komawa ofis, alhali kuwa shi ne guzurin da ke riƙe mai wannan aiki shekara da shekaru.

Allah Ya saka wa masu ɗawainiya da raunananmu da alheri, Ya sanyaya zukatansu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ga na ƙasa da su, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.